Giyabos 4L60E ya ƙone a Silverado: a sake ɗaure shi ko a koma 4L80E?

Mai Silverado: Assalamu alaikum manyan zaure. A-kori-kura ce, Silverado 1500 ta 2004, inji 5.3, tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma an ɗora mata turbo. Giyabos ɗinta na otomatik, 4L60E, ya fara sulɓewa idan zai shiga giya ta 3, man ya yi baƙi yana ƙauri. A sake ɗaure shi ne ko a koma 4L80E? Idan 4L80E ne, me zan tanada?

Oga Giyabos: Wa alaikumus salam Alhaji. Faiban (farantan kuloci) giya ta 3 da ta 4 ne suka ƙone, ciwon gado ne a 4L60E. Bayan su akwai kwanon ƙarfen ciki da ke tsagewa a wajen haƙora, mota ta rasa ribas da ta 2 da ta 4 lokaci guda. Da turbo a kai, ko ka ɗaure shi za ka dawo. 4L80E ɗan gidan tsohon giyabos TH400 ne da aka ƙara wa giya ta 4 a 1991, kamfanin GM ya riƙa saka shi a manyan a-kori-kura 2500 da 3500 da bas ɗin Express. Ka nemi na 1997 zuwa sama, wanda aka ciro daga bayan inji 6.0, kuma na mai jan taya biyu. Na 4x4 na waɗannan shekarun galibi ba shi da zoben haƙoran da sensar gudu ta baya ke karantawa, don sensar tana jikin ogzileri ne, akwatin da ke raba ja zuwa tayoyin gaba. Ka saye shi, sai an warware giyabos har ƙasa kafin a saka zoben.

Ɗan Tana: Oga ya faɗi gaskiya, amma giyabos ɗin shi ne mai sauƙin. Inda ake kuka shi ne filawil. Ƙaranshaf ɗin 5.3 gajere ne, kuma filawil ɗinsa mai lotsawa ne, ramukan notunansa ba su dace da kwambatar 4L80E ba, wato tulun man da ke haɗa inji da giyabos. Mafita mai tsafta: filawil shimfiɗaɗɗe na 6.0 tare da zoben cikonsa mai kaurin kusan milimita 10, da dogayen notuna shida nasa. Zoben ne ke riƙe hancin kwambata a tsakiya. Aka bar shi babu, kwambata ta riƙa lilo, ta cinye bushin famfo, sil ɗin gaba ya fara zubar da mai, wani lokaci filawil ya tsage. Wajen ɗaurawa, a zuba mai lita 1 a kwambata, a riƙa juya ta ana turawa har ta zauna can ciki. Bayan an haɗa giyabos da inji, ratar da ke tsakaninta da filawil ta zama milimita 3 zuwa 5 kafin a ja ta a ɗaure. Idan babu rata ko kaɗan, ba ta zauna ba. Kada yaro ya ce zai ja giyabos da noti, famfo zai fashe tun ba a tayar da mota ba.

Sai farfela. Sandar bayan 4L60E haƙora 27 ne, ta 4L80E 32, dole a canja yok, wato kan farfela da ke shiga wannan sandar. Kada a yanke farfela da ƙiyasi. A ɗaura giyabos, a sauke mota kan tayoyinta, a auna, a bar wa yok wajen shiga da fita kamar santimita 2, sannan a kai a yi mata balansi. Kurosmemba, ƙarfen da giyabos ke zama a kai, shi ma sai an ja mazauninsa baya. Bututun difistik da marikin wayar giya a cire su tare da giyabos ɗin tun a wajen mai kaya.

Mai Wayarin: Ni nawa ɓangaren wuta ne. Soket ɗin su biyun kamarsu ɗaya, zai shiga daram, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Amma a cikin solonoyid A da B da ke canja giya, B na 4L80E kishiyar na 4L60E yake aiki: a giya ta 1, 4L60E na kunna A da B duka, 4L80E kuwa A kaɗai. Ka jona haka ba gyara, giyoyin za su rikice. Sannan 4L80E sensar gudu biyu gare shi, ta gaba da ta baya, ita kuwa motarka ta baya kawai ta sani. A soket ana zare farar waya daga ramin S da mai ruwan ƙasa-ƙasa da ratsin baƙi daga ramin T, a mayar da wayar ramin U zuwa ramin S. Biyun da aka zare su ake kai wa sensar gaba, a canja musu rami a birenbos, wato kwamfutar mota. A riƙe zanen wayarin na shekarar motar a hannu. Daga nan a ɗora wa birenbos ɓangaren manhajar 4L80E da na'urar saita birenbos irin HP Tuners ko EFILive, daga fayil mai lambar manhaja iri ɗaya da taka.

Baba Lagireto: Wasu na juya solonoyid B da rile su huta, Malam.

Mai Wayarin: Yana tafiya Baba, amma birenbos na nan yana zaton 4L60E yake tuƙawa, matsin mai da lokacin kama kwambata duk ba nasa ba ne. A motar turbo ban ba da shawara ba.

Baba Lagireto: To madalla. Ga nawa. A na 1997 zuwa sama, layin da mai ke dawowa daga kula (abin sanyaya man giyabos) yana can baya, kuma nonon da ake ɗaurawa a wurin dogo ne, yana kai mai har tsakiyar giyabos. Aka saka gajere, ko aka juya layukan, giyoyin ciki za su bushe su ƙone. A wanke tsofaffin layukan sosai, garin faiban da suka ƙone na ciki. Da zafinmu na Maris da Afrilu, a ƙara babbar kula a gaban lagireto, a riƙe zafin mai ƙasa da digiri 90. Man giyabos kuwa Dexron VI, a tanadi lita 13, a duba difistik inji na aiki, mai da zafi, mota a wuri mai baje.

Mai Silverado: Allah ya saka da alheri. Za ta ƙara gudu ke nan?

Oga Giyabos: A'a Alhaji, ƙarko ka saya. A giya ta 1, 4L60E na ninka ƙarfin inji sau 3.06, 4L80E kuwa sau 2.48. Idan bakaksil ɗinka na ninkawa sau 3.73, jimillar ninkin tashin farko ta sauka daga 11.4 zuwa 9.25, za ka ji ta yi nauyin ƙafa a danja. Ta 4 kuma 0.75 ce maimakon 0.70, inji zai ƙara juyi kamar kashi 7 cikin 100 a babban titi, fetur ma zai ɗan ƙaru. Kwambatar 4L80E ta asali babba ce mai nauyi. Ka nemi mai sitol 2800 zuwa 3200, wato juyin inji a minti da take bari kafin ta kama sosai, turbo zai cika kafin mota ta ɗaga. In ka ji bai isa ba, sai a koma 4.10 a bakaksil. Tunda giyabos na ƙasa, a saka masa kit ɗin gyaran canjin giya na TransGo HD2, yana ƙarfafa kamun faiban giya ta 3, a canja filta da sil na gaba da na baya. A buɗe kwanon ƙasa a gaban mai kaya kafin a biya: baƙin laka siriri a jikin maganaɗisu ba komai, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa a mayar masa da abinsa.