Wucewa ta wurin da ake aikin hanya: masu tuƙi, me kuka lura da shi?

Mai koyar da tuƙi: Jama'a, mu haɗa abin da muka sani. Yawancin karon da ake yi a wurin aiki daga baya ne: layi ya tsaya, na baya bai ankara ba. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa guda, kafin ƙafarka ta kai birki ka riga ka shafe mita 30. Da ka hango alamar farko ka saki totur, kada ka jira sai ka ga ganguna. In kai ne ƙarshen layi, kunna sigina duka biyu, idonka a madubi.

Direban tirela: Malam, ƙara da wannan. Tazarar da muke bari a gaba ta birki ce, ƙananan motoci su daina cusa kai ciki inda hanya ta tsuke. In ba ka ganin madubina, ni ma ba na ganinka.

Ma'aikacin hanya: Abin da ya fi kayar da mota shi ne bakin sabuwar kwalta. Kafin a cike gefe, kwaltar takan ɗara ƙasa da tsawon yatsa ko fiye. Taya ta zame ƙasa, direba ya firgita ya fizgi sitiyari, tayar ta goga, ta goga, sai ta hau farat ɗaya, motar ta tsallaka hannun masu tahowa. Riƙe sitiyari daidai, saki totur, bar motar ta rage gudu sosai, sannan ka hau a hankali. Gireda da rola kuwa suna ja da baya a kowane lokaci, mai tuƙa su ba ya jin hon ɗinka. Hannun mai tuta za ka bi, ba motar gabanka ba.

Makanike: A kan tsakuwa ko da akwai ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) mota tana ƙara nisa kafin ta tsaya, a bar daƙiƙa 5 tsakani. Gilashi ma ya tsira daga tsakuwar da tifa ke watsowa. Jar ƙasar da tankar ruwa ta jiƙa santsi gare ta kamar sabulu, a sa giya ta biyu, ban da birkin gaggawa.

Direban dare: Cikin ƙura ƙaramar fitila ake sawa, babbar dawo maka da haske take yi. Inda aka haɗe hannu biyu a ɓangare guda kuma, a manta da shan gaban kowa sai an fita.