Me za mu kira autopilot na jirgin ruwa da Hausa?

1/ Jama'a, suna nake nema wa abin da Turawa ke kira autopilot a ƙananan jiragen ruwa. Wanda mutum ke haɗawa da hannunsa nake nufi, da manhajar pypilot da Sean D'Epagnier ya rubuta ya bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara.

2/ Mu san aikinsa tukuna. Akwai ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, da kamfas na lantarki mai gane inda hancin jirgi ya dosa da yadda igiyar ruwa ke karkata shi, sai inji mai tura sandar tuƙi dama ko hagu. Wasu injin waifar mota ma suke ɗaurawa. Ka saita masa digiri 90, wato gabas. Jirgi na gocewa ya maido shi.

3/ Saitin ne mai wuya. Kamfas ba ya shiri da ƙarfe ko wayar wuta a kusa, kuma sai an zagaya da jirgin kafin ya daidaita. In ka cika wa injin zafin nama, sandar ta yi ta kai-komo tana shanye batir. In ka rage da yawa, jirgi ya goce kafin ya farga.

4/ Wani malami ya ce "matuƙi mai sarrafa kansa". Allah gafarta Malam, ya yi tsawo, kuma matuƙi ido gare shi. Wannan kuwa ko dutse ne a gabansa, shiga zai yi. Ko ka haɗa shi da OpenCPN, manhajar taswirar ruwa, ya bi layin taswira, kai ka zana layin, kai ne mai tsaro. Ko "tuƙa-kanka" aka ce masa, matsalar ke nan: sai wani ya ji sunan ya tafi ya kwanta.

5/ Ni dai "riƙe-akala" na zaɓa. Ginin irin na hana-salla da rufa-ido ne, baki ya saba. Na san akala ta raƙumi ce, to ai mun daɗe muna juya akalar mulki da ta zance. Wanda ka ba riƙon akala ba shi ke zaɓen zango ba.

6/ Ku gwada: "Kunna riƙe-akala in duba taswira." "Kashe shi, mun kusa gaɓa." A nahawu, namiji na ɗauki sunan. Saura allon nan na ƙarƙashin ruwa da sandar ke juyawa: masu kwale-kwale, me kuke ce masa?