Da gaske tattabara ta kai saƙo a fagen yaƙi?

Ɗan Tattabara:
Assalamu alaikum jama'a. Ni mai kiwon tattabaru ne tun ina yaro, kuma abin da na sani shi ne tattabara ba ta aikuwa. Ka sayar da ita a kasuwa yau, jibi ka tarar da ita a kan katangarka. To sai na ji wai a Yaƙin Duniya na Ɗaya da tattabaru Turawa suke aika saƙo daga fagen daga. Ta yaya tsuntsu zai san inda janar yake zaune? Kuma ba akwai tarho a lokacin ba?

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ka ba kanka amsa. Wannan komawa gida da take ba ka haushi, ita ce duk dabarar. Ba a aikenta wurin kowa. Ɗakin tattabarun yana can baya kusa da hedikwata, sai a ɗebo su a kwando a kai wa sojojin da ke cikin ramuka. In abu ya ɓaci, hafsa ya rubuta saƙo a siririyar takarda, a cusa a ɗan bututu a ƙafarta, a sake ta. Ita a nata tunanin gida za ta koma ta ci hatsi. Shi ya sa hanya ɗaya ce: za ka iya kai kuka, amma amsa ba za ta biyo ta nan ba. Da dare ko cikin hazo kuwa ba a dogara da ita.

Tarho akwai shi, kuma shi aka fi so. Matsalar waya ce shimfiɗe a ƙasa, ga ruwan igwa ba dare ba rana. Kafin a gyara nan, can ta tsinke. Sai a koma ga ɗan aike ya ruga da takarda a ƙafa, shi kuma sau da yawa ba ya isa. Hitila ma aikin da ya yi ke nan a rundunar Jamus.

Malama Tarihi:
Baba Soja, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ƙara misalin da ya fi taɓa ni. A watan Yuni na 1916, a yaƙin Verdun, Jamusawa sun yi wa sansanin Vaux ƙawanya. Kwamandan Faransawan da ke ciki, Raynal, ya rasa waya. Ran 4 ga wata ya saki tattabara da saƙon cewa suna nan riƙe da wurin, amma hayaƙi da iskar guba sun dame su, a kawo ɗauki, kuma wannan ce tattabararsa ta ƙarshe. Ta ratsa hayaƙin ta isa. Ɗaukin dai bai iya kutsawa ba, ran 7 ga wata suka miƙa wuya saboda ƙishirwa.

Wadda ta fi suna ita ce Cher Ami ta sojojin Amurka, a dajin Argonne cikin Oktoban 1918. An rutsa da mutanen Manjo Whittlesey, har igwar 'yan'uwansu tana faɗo musu bisa kuskure. Ana danganta wa Cher Ami kai saƙon a tsagaita wuta, ta iso da harbi a jiki, ƙafa ɗaya na reto. Gawarta na nan a gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Ni dai labarin Vaux ya fi kwanta mini, don ba a yi masa ado da yawa ba.

Ɗan Tattabara:
Ikon Allah! Na gode Baba, na gode Malama. Amma ita wayar iska, wato rediyo, fa? Ai ita ba ta da zaren da zai tsinke.

Tsohon Soja:
Kayanta a lokacin nauyi gare su, ba abin da soja zai saɓa ya ruga da shi cikin taɓo ba ne. Sannan duk abin da ka faɗa a iska, maƙiyi ma yana da kunne. A watan Agustan 1914, a Tannenberg, rundunar Rasha ta riƙa aika umarni ta rediyo a fili, ba tare da sakaya shi ba. Jamusawa suka saurara, suka san inda kowace runduna za ta bi da lokacin da za ta isa. Kwamandojin Jamus, Hindenburg da Ludendorff, suka zagaye dakarun Janar Samsonov na Rasha, aka kama fursunoni wajen 90,000, shi kuma Samsonov ya harbe kansa a daji.