Neman shawara: jifan Shaiɗan ya tsaya mini a rai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah Ya sa bana ina cikin maniyyata, kuma ba na fashin bita. Ɗaura harami, ɗawafi, Safa da Marwa, duk sun zauna. Jifa ce ta tsaya mini. Ta yaya baligi da hankalinsa zai tsinci tsakuwa ya je yana jifan gini? Shaiɗan ɗin yana ciki ne? Ina jin nauyin tambaya a wurin bita, kada a ce imanina da sauransa. Ba na so in kashe kuɗin kujera in dawo da gajiya da tsaraba kawai. A taimaka mini.

Wani malami: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kwantar da hankalinka, Shaiɗan ba ya cikin ginin. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa a wuraren jifan nan uku, wato Jamrat, Iblis ya tare Annabi Ibrahim (AS), kowane wuri ya jefe shi da tsakuwa 7. Sawunsa kake bi. Kuma a hadisin Nana A'isha da Abu Dawuda ya kawo, ɗawafi da sa'ayi da jifa an sanya su ne don tsai da ambaton Allah. Shi ya sa kowace tsakuwa take tafiya da kabbararta.

Wata Hajiya: Ɗana, gara da ka tambaya. Da idona na ga mata ta cire silifas ta wurga, tana zagi, wai shi ya raba ta da mijinta. Tana juyowa ta bangaje wata tsohuwa, ko sannu babu. To wa aka jefa ke nan? Ni abin da ya amfane ni, tun a Muzdalifa ina tsintar duwatsun ina lissafa halayena da nake son rabuwa da su, gulma ce kan gaba.

Malamin: Hajiya ta faɗi gaskiya. A hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan hijira, ƙananan tsakuwa aka tsinto wa Manzon Allah (SAW), kuma nan take ya gargaɗi mutane kan wuce gona da iri a addini. Girmanta kamar ƙwayar wake ya isa. Duba kuma Baƙara aya ta 197, babu jayayya a Hajji. Turereniyar hanyar Jamrat ita ma jarrabawa ce.

Wani Alhaji: Ni fa ina ganin kada a cika tono. Sayyadina Umar ya ce wa Hajarul Aswad ya san dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ba don ya ga Annabi ya sumbace shi ba da bai yi ba. Ka gane hikimar ko ba ka gane ba, an ce ka yi, ka yi. Ka tanadi ƙarfinka don ranar 9 ga wata a Arfa, can ne kuka yake zuwa da kansa.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri, na ji sanyi. Malam, dole ne duk tsakuwar daga Muzdalifa za ta fito?

Malamin: Ba dole ba ne, ko a Mina ka tsinta ta yi. Ka dai riƙe 'yar jaka, harami ba shi da aljihu.