Yaya ake lissafa sauyin matsayin abu mai tafiya?

Ɗalibin Sakandare:
Assalamu alaikum. An ba mu wannan tambaya a darasin fiziks: wani mutum ya yi tafiyar mita 120 gabas, sannan ya juya arewa ya ƙara mita 50, sai aka ce a nemo sauyin matsayinsa. Ni da abokin karatuna mun yi saɓani, shi yana cewa mita 170, ni ina ganin ba zai kai haka ba. Don Allah malamai a raba mana gardama.

Malamin Fiziks:
Wa alaikumus salam. Mita 170 tsawon hanyar da ƙafarsa ta taka ne. Sauyin matsayi kuwa ba ruwansa da kwane-kwanen hanya, abin da yake aunawa shi ne miƙaƙƙen layi daga inda aka tashi zuwa inda aka tsaya, tare da alƙiblarsa. Tun da gabas da arewa sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, ƙa'idar Pythagoras ce za ta yi aiki: 120² + 50² = 14,400 + 2,500 = 16,900, tushensa kuma, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 16,900, shi ne 130. Amsar ita ce mita 130, a karkace kusan digiri 23 daga gabas zuwa arewa, kuma wanda ya bar alƙiblar bai cika amsa ba.

Ɗalibin Sakandare:
Allah ya saka da alheri, Malam. To idan gudun abin yana canzawa fa?

Malamin Fiziks:
Muddin canjin gudun daidai yake a kowace daƙiƙa, sai a ɗauki s = ut + ½at², inda s shi ne sauyin matsayi, u gudun farko, t lokaci, a kuma yawan canjin gudu a kowace daƙiƙa, amma a lura sosai da alamar ragi. A ce an cilla dutse sama da gudun mita 19.6 a daƙiƙa, jan ƙasa kuma yana rage masa 9.8 kowace daƙiƙa, saboda haka a = −9.8. Bayan daƙiƙa 3, s = 58.8 − 44.1 = mita 14.7. Dutsen ya kai ƙololuwarsa ta mita 19.6 a daƙiƙa ta biyu, sannan ya sauko mita 4.9, wato ya ci hanyar mita 24.5, alhali tazararsa da hannun da ya cilla shi mita 14.7 ce kawai.

Mai Bibiya:
Ƙari a kan bayanin Malam, a daƙiƙa ta 4 lissafin zai ba da 78.4 − 78.4, wato sifiri, domin dutsen ya dawo daidai inda ya bar hannu, duk da ya yi tafiyar mita 39.2. Ɗalibi, gwada daƙiƙa ta 5 da kanka, kamar an cilla shi daga saman bene, ka faɗa mana abin da alamar ragin da za ta fito a amsar take nufi.