Yaron da muka horar ya sa hannu a Turai: ko ƙungiyar ƙauye tana da haƙƙi a kuɗin cinikinsa?

Kocin Bayan Firamare:

Assalamu alaikum. Shekara ta zo ƙarshe, amfanin gona ya shiga rumbu, ni kuma jiya bayan sallar isha'i na zauna da littafin lissafin ƙungiyarmu domin in ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Ƙungiya ce ta samarin ƙauye a ƙasar Ringim, filinmu yana bayan makarantar firamare, turakun ragarmu kuwa itacen darbejiya ne da muka kafa da hannunmu. Rigunan da yara suka sa a gasar bana ma da kuɗin riɗin da na sayar a kasuwar Gujungu aka saye su.

Abin da ya hana ni barci shi ne labarin wani yaro da ya zo hannuna yana ɗan shekara 12, yana buga ƙwallo ba takalmi, ya kuma yi shekara huɗu cur a wurina kafin wani mutum ya kai shi makarantar horar da 'yan wasa a birni. Yanzu yana da shekara 19, kuma mahaifinsa ya shaida mini cewa ya sa hannu a kwantiragi a Turai. Wallahi na yi masa murna. Sai dai na ji ana cewa dokar FIFA ta ware wani kaso ga duk ƙungiyar da ta raini ɗan wasa, shi ya sa nake roƙon masana su faɗa mini ko muna da rabo a ciki.

Lauya daga Dutse:

Wa alaikumus salam, Malam Koci. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma haƙƙin iri biyu ne. Na farko diyyar horarwa ce, wadda ƙungiyar da ta fara ba yaro kwantiragin ƙwararru take biyan waɗanda suka horar da shi tun daga shekara 12. Na biyu kuwa kashi 5 cikin 100 ne da ake cirewa daga kuɗin cinikinsa idan aka sayar da shi kwantiraginsa bai ƙare ba, a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna a cikinsu tsakanin shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko, wato irin waɗanda yaron ya yi a wurinka, jimillarsu kashi 1 cikin 100 ne na kuɗin cinikin. Da za a sayar da shi a kan yuro miliyan 1, rabonku zai kama yuro 10,000, kuɗin da na tabbata littafin lissafinka bai taɓa ganin irinsa ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Tun daga watan Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a birnin Paris wanda yake karɓar waɗannan kuɗaɗe ya raba su, kuma abin da yake dubawa shi ne fasfo ɗin ɗan wasa, wato jerin ƙungiyoyin da aka yi wa yaron rajista a cikinsu a hukumance. Idan ƙungiyarku ba ta da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, wadda ke ƙarƙashin NFF, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, kuma ba a taɓa rubuta sunan yaron a matsayin ɗan wasanku ba, to a idon doka waɗannan shekaru huɗu babu mai su, ko da duk garin zai tsaya maka shaida. Hotunan waya da kofin gasar hakimi ba sa maye gurbin rajista. Ka faɗa mana ko kuna da wata takarda.

Mai Gidan Kallo, Ɗambatta:

Barista ya gama magana a kan doka, ni kuma zan kawo abin da ya same mu bana, domin ciwon da na fi jin tsoro ba na koci ba ne, na iyaye ne. Wani da ya kira kansa dillalin 'yan wasa ya karɓi kuɗin shanun huɗa biyu daga hannun yayana, da alkawarin zai kai ɗansa mai shekara 16 gwaji a Turai. Yaron ya yi wata biyu a wani ɗaki a Legas, ya dawo da jakarsa da ramammen jiki, damina kuma ta zo ta same su babu abin huɗa. Da mun san cewa dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa domin wasa, in ban da 'yan togaciya kaɗan, da tun ranar farko mun gane ƙarya ce. Ahmed Musa da kansa, bayan ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Manyan ƙungiyoyi irin su Barcelona da Chelsea ma an taɓa hana su sayen 'yan wasa saboda karya wannan doka. Dillalin gaskiya yana da lasisin FIFA, wanda tun 2023 sai an ci jarrabawa ake samu, saboda haka a nemi ganinsa kafin a kwance ko akuya.

Ɗalibin Shari'a daga Gumel:

Baba Koci, ka yi mini afuwa idan na yi tsaurin ido, amma ina ganin ya kamata a bambanta haƙƙin ƙungiya da mallakar yaro, domin na sha jin masu horarwa suna cewa "yarona ne" har su riƙe takardun haihuwarsa. Tun a watan Disamban 1995 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar ɗan wasa Jean-Marc Bosman na Beljiyam cewa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin komawa wata ƙungiya a wata ƙasa ta Tarayyar Turai ba tare da an biya kuɗin ciniki ba, kuma a watan Oktoban 2024 kotun ta sake rushe wasu ƙa'idojin FIFA a shari'ar ɗan wasan Faransa Lassana Diarra. Duk abin da za a nema, a wurin ƙungiyar da ta ɗauke shi za a nema, ba a aljihun yaron ko na mahaifinsa ba.

Kocin Bayan Firamare:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ɗana na Gumel, ka kwantar da hankalinka, ni da mahaifin yaron sahu ɗaya muke sallah, kuma ban taɓa tunanin tambayarsa ko sisi ba. Barista, amsar tambayarka ita ce ba mu da komai sai wannan littafi, wanda a shafinsa na uku na rubuta ranar da na saya wa yaron takalminsa na farko a gwanjo. Na fahimci cewa wannan ya wuce. Yanzu akwai yara 23 a hannuna, bakwai daga cikinsu ba su kai shekara 14 ba, kuma na yi niyyar shiga Dutse a makon farko na Janairu. Ina roƙon ka rubuto mini takardun da ake buƙata wajen yi wa ƙungiya rajista, da kuma ko takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya kaɗai ake karɓa, domin yawancin yaran nan katin rigakafi na asibiti kawai suke da shi.