Silikon ɗin kamun kifi ya narke min a akwati, ya kuke ajiye naku?

Baban Ummi:
Salamu alaikum masu zuwa bahar. Silikon ɗin nan da ake sa wa ƙugiya, mai kamar ƙaramin kifi da mai kamar jatan lande, na saya da yawa tun lokacin sanyi na juye su akwati ɗaya a bayan mota, jiya zan tafi Obhur, bakin bahar na Jidda, ina buɗewa sai na tarar rabi sun manne da juna kamar cingam, fararen ma duk sun rine sun koma ja-ja. Dama can ba sa daɗewa ne? Shekara nawa suke yi?

Malam Habu Yanbu:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ai motar ce ta cinye maka su wallahi, a zafin Jidda mota in ta wuni a rana cikinta yana wuce digiri 60, roba mai laushi ina za ta iya. Sannan juyewar da ka yi waje ɗaya, ba duka ne roba iri ɗaya ba, akwai na PVC da aka saba akwai kuma mai talewa sosai irin na kamfanin Z-Man, to waɗannan biyun in suka taɓa juna narkewa suke ko da a ɗaki mai esi ne. Kowanne ka bar shi cikin ledar da ya zo da ita ka matse bakin, kala kala daban, musamman ja shi ne sarkin rini. In yana leda a inuwa yana shekaru bai yi komai ba.

Ɗan Karantina:
Gaskiya ne Malam. Kuma akwatin ma a duba, irin mai ƙarfi ɗin nan mai ɗaukar ido kamar gilashi silikon cin sa yake, za ka ga shatin kifin ya fito a jiki. A juya ƙasan akwatin, in an rubuta PP ko lamba 5, wato alamar irin robar akwatin, ba matsala. Shi kuma samfurin Gulp, mai zuwa a jiƙe cikin ruwansa, nasa daban ne, ruwansa ne ransa, ka manta shi a ƙugiya kwana ɗaya ya bushe ya ƙanƙance sai da wuƙa za ka cire.

Baban Ummi:
To waɗanda wutsiyarsu kawai ta lanƙwashe fa, a zubar?

Malam Habu Yanbu:
A'a haba, riyal ne fa. Tsoma wutsiyar a ruwan zafi na ɗan daƙiƙu, ka shimfiɗa ta miƙe kan faranti ta huce, za ta dawo tana kaɗawa. Wanda ka jefa a bahar kuma ka ɗauraye da ruwan famfo ya bushe tukun, kar ka mayar cikin sababbi da gishirinsa, kuma ka zare ƙugiyar don tsatsa take yi a ciki. Waɗanda suka zama cingam kam sai kwandon shara, kar dai a watsa a ruwa kifi haɗiye su yake.